Firji ko firiza: yadda muka raba gardama a gidanmu



Duk wanda ya taso a gida ya san randa. A kafa gindinta cikin yashi a lungun zaure, a rufe da faifai, da azahar ka ɗebo ruwa da moɗa har haƙori ya amsa. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba sai da muka zo kudu shi ne, rabin aikin nan iskar arewa ce ke yin sa. Busasshiyar iska ke tsotse gumin da ke fitowa ta jikin yumɓu, ta tafi da zafin. Da wannan dabarar malamin nan na Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, gauta da tumatir su yi kwanaki ba su lalace ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. To ɗauko tukunyar nan ka kawo ta Agege ka gani. Iskar Legas ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar wani. Miyar da aka yi da safe, in ba a ɗumama ta ba, kafin isha ta fara sauya wari. Shi ya sa a nan gidan da ba firji kullum cikin asarar cefane yake.

Namu ya yi mana shekara goma sha ɗaya kafin ya tsaya. Sau biyu ana sake masa gas, sau ɗaya an canza kwamfiresa. A karo na ƙarshe mai gyaranmu, wani dattijon Bayarabe da ya daɗe yana yi wa unguwarmu aiki, ya zuba gas ɗin gwaji, ya dawo bayan kwana biyu ya tarar babu ko ɗigo. Ya ce bututun da ke cikin bangon firjin ne ya ci tsatsa, wurin da hannu ba ya kaiwa sai an farke jikin. Ya goge hannunsa ya ce, "Malam, in ka ce in gyara zan gyara, amma bayan wata uku za ka sake kira na. Haɗa kuɗin ka sayi sabo." Mutumin da abincinsa ke cikin gyara, in ya ce maka kada ka gyara, ai sai ka ji.

Kuɗin da muke da shi kwasar adashi ce, kuma kowa ya san abin da ya samu farashin kayan wuta tun 2023. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma firji ko a nan aka haɗa shi, kwamfiresarsa da yawancin kayan cikinsa daga waje suke zuwa. Abin da da zai saya maka firji da firiza har ka yi kuɗin mota, yanzu ɗaya zai saya, shi ma sai an yi ciniki. A nan maganar ta tsaya mana, domin gidan namu buƙata biyu gare shi, kuma ba sa haɗuwa a akwati ɗaya.

Uwargida tana yin zoɓo da kunun aya da lamurje, tana kuma sayar da ƙanƙara. Ba ƙaramar sana'a ba ce a wurinmu. Kuɗin littattafan yara da na motar makaranta daga nan suke fitowa, kuma cinikin azumi kaɗai yakan ɗauke mana ɗinkin sallah. Ita abin da take so firiza ce, irin mai murfi a sama kamar akwati, kuma hujjarta ba ta da makusa. Sanyi nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya. In ka buɗe ƙofar firji na tsaye sai ya zubo ƙafarka ya fice, amma in ka ɗaga murfin firiza yana nan kwance a ciki. Firiza cike da kaya, in ba a yawan buɗe ta, tana iya kai kwana biyu ba wuta kayan ba su narke ba, rabin ciki kuma kamar kwana ɗaya. Firji kuwa awa huɗu ake ba shi, a zafin nan namu ma da ƙyar ya kai. Ga kuma lokacin da tumatir da tattasai suka yi araha a Mile 12, a sayo kwando a markaɗa a daskarar. Ga naman layya. Duk wanda ya taɓa kwana yana suya saboda babu inda zai ajiye ya san darajar wannan.

Ɗaya buƙatar ta mahaifiyarmu ce. Hajiya ta dawo wurinmu daga gida saboda asibiti, tana da ciwon suga, kuma allurar insulin take yi safe da yamma. Wannan magani yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma in ya daskare ya mutu, ko ya narke daga baya zubarwa ake yi. Kuma ba lallai ya nuna maka a ido cewa ya lalace ba, sai dai ka ga suga yana hawa ana ta allura. Kwalbar da aka fara amfani da ita tana iya zama a ɗaki kamar wata guda in zafin bai wuce digiri 30 ba, to wane ɗaki ne a Agege zai yi maka wannan alkawarin a watan Maris? Makonnin da muka yi ba firji, a gidan maƙwabta muke ajiye maganin. Mutanen kirki ne, ba su taɓa ɓata fuska ba, amma ka tura yaro ƙarfe shida na safe ya buga wa mutane ƙofa kullum, abin da nauyi. Rannan kuma suka yi tafiya Abekuta suka kulle gida, sai da aka je kemis aka sayo wata kwalbar.

Hajiya da ta ji ana maganar, sai ta ce wa uwargida, "'Yar nan, ku sayi abin sana'arku. Ni a sa min nawa a kula da ƙanƙara, ba ga shi ana yi ba?" Uwargida ta ce, "A'a Hajiya, ƙanƙarar ma in ta taɓa kwalbar daskarar da ita za ta yi, mun ji likita ya faɗa." Kowa na ƙoƙarin bar wa ɗan uwansa, wanda ya fi gardama wahalar warwarewa, domin ba ka da wanda za ka ce ya yi haƙuri.

Kafin mu kai ga yanke wannan, mun yi kusan sati uku muna yawon tambaya, kuma abin da muka tsinta a yawon nan shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta.

Farko dai maganar na hannu, wanda ake ce wa tokumbo a nan, a gida kuma Beljiyam. Da yawa daga cikinmu mun yi imani cewa tsohon na Turai ya fi sabon yanzu ƙwari, kuma ta fuskar ƙarfen jiki akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wata 'yar takarda da ke manne a cikin kowane firji ko a bayansa, wadda kusan ba mai karantawa. A jikinta akwai harafin da ke nuna irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. In ka ga N ko SN, an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST yana kaiwa 38, T kuma 43. Firjin da aka yi wa kicin ɗin Jamus, ka kawo shi kicin ɗin da ake tuƙa tuwo ga kwanon rufi ya ɗau rana, kwamfiresarsa ba za ta huta ba, ga cin wuta ga saurin mutuwa. A takardar nan dai za ka ga ƙarfin wutar da yake sha. Tamu 230 ce. Na Amurka 110 zuwa 120 ne, na Japan 100, sai an haɗa su da taransifoma, kuma ranar da yaro ya jona kai tsaye shi ke nan. Sai nau'in gas. R12 tsohon yayi ne da duniya ta daina saboda illarsa ga sararin sama, in ka gan shi ka san firjin ya girmi wasu 'ya'yanka. R134a ya biyo baya, sababbin yanzu kuma galibi R600a ne, mai sauƙin cin wuta, sai dai yana kamawa da wuta, don haka ba kowane mai walda ake bari ya taɓa shi ba. Mai tokumbo zai jona maka ka ji sanyi a shago, ya ba ka gwajin kwana biyu ko sati. Bayan nan kai da Allahnka. Da don ruwan sha ne kawai da mun iya gwada sa'a, amma da maganin Hajiya a ciki muka ce a'a.

Na biyu wuta. Kafin ka tambayi kuɗin firji, tambayi kanka a wane layi gidanka yake. Tun Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko wajen 209, lissafin ya canza. 'Yan Band A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Mai Band A damuwarsa abin da firjin ke ci. A ce takardar jikin firji ta nuna yunit 300 a shekara, wato 25 a wata, sama da naira 5,000 ke nan. Tsohon da ke cin ninki biyu zai kwashe maka sama da 10,000, kuma a shekara uku bambancin ya isa ya cinye arahar da ka samu wurin saye. Wanda yake Band C ko D kuwa damuwarsa daban ce, shi yana neman wanda zai yi sanyi da wuri a 'yan awannin da aka kawo, ya kuma riƙe bayan an ɗauke.

A nan ne muka fahimci wani abu da masu shago ba sa bayyanawa sosai. Akwai firjin da ba ya tara ƙanƙara, fanka ce ke kaɗa sanyin a ciki, kuma yana da wata 'yar hita da ke narkar da ƙanƙarar lokaci zuwa lokaci. Yana da tsabta, ba ruwanka da kankarewa, ya fi kuma tsada. Akwai na gargajiya wanda ƙanƙara ke taruwa a bangonsa. Mutane suna raina shi, amma ƙanƙarar nan ita ce ajiyarka in an ɗauke wuta, ita ke ci gaba da sanyaya kayan. Mu a ganinmu, duk wanda wutarsa ba ta kai awa 16 a rana ba, na gargajiyan ya fi masa, kuma kowane mai gyara a unguwa ya san cikinsa. Sharaɗin kawai, kada a taɓa sa wuƙa a kankare shi. Firji nawa ne a gidajenmu wuƙa ta huda aka ce ya mutu da kansa? A kashe, a bar ƙofa a buɗe, a sa roba ta tari ruwan.

Sai maganar inbata, wadda ita ce tallar kowane shago yanzu. Kwamfiresa ta gargajiya tashi take da ƙarfi, a daƙiƙar farko tana jan wuta ninkin abin da take ci sau da yawa, shi ya sa za ka ji ɗan ƙaramin janaretan nan da ake wa laƙabi da ai-fas-mai-neba ya yi tari ya mutu in an jona masa firji. Mai inbata a hankali take tashi, tana rage gudu in sanyi ya kama, ta fi dacewa da mai sola ko ƙaramin inji, wasu kamfanonin har garantin shekara 10 suke bayarwa a kanta. Amma a lura, garantin na kwamfiresa ne kawai. Tana da wani allo na lantarki da ke sarrafa ta, shi ne wuta ke fara ƙonawa in ta dawo da hauka, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne. Mai gyaranmu ya ce ko wanne muka saya, kada mu jona shi sai da sitabilaiza mai jinkiri, wadda ke jira kamar minti uku bayan an kawo wuta kafin ta saki. Ɗauke-kawo ɗin nan na cikin minti ɗaya shi ke kashe kwamfiresa, domin tana tashi alhali matsin gas ɗin bai sauka ba. Kuɗin sitabilaiza a sa shi cikin kuɗin firji tun farko. Da yawa sai sun biya sun fito sannan suke tunawa, aljihu kuma ya riga ya bushe.

Mun je Alaba. Daga Agege ka bi Iyana Ipaja, Egbeda, Igando har Iyana Iba, yini guda ne in hanya ta cushe, sai dai a lokacin akwai 'yan uwa a Alaba Rago da za ka huta a wurinsu ka sha ruwa. Kasuwa ce da babu abin da babu, Haier Thermocool da muka taso muna ganin sunansa, da Scanfrost, LG, Hisense, Nexus, Midea, ga kuma wasu sunayen da ba ka taɓa ji ba. Mun kuma leƙa shagunan dillalan kamfani a Ikeja don mu gwada farashi. Bambancin bai kai yadda muka zata ba, in ka cire kuɗin mota da na ɗauko kaya daga Ojo zuwa Agege kusan kunnen doki ne. A wani shago da ba za mu faɗi inda yake ba, yaron shagon ya nuna mana wani mai kyan gani a farashin da ya yi daɗi fiye da kima. Muka ce a kawo katin garanti a gwada lambar da ke kansa da ta bayan firjin. Sai ya ce, "Alhaji, kati ba matsala, za mu rubuta maka." Muka yi godiya muka fita. Lambar da ke jikin kwali, da ta bayan firji, da ta katin garanti, dole su zama ɗaya, kuma a rubuta ta a rasit tare da sunan shago da kwanan wata. In ba haka ba ranar da ka je kamfani da ƙorafi ba su san ka ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Lita da ake rubutawa da manyan baƙi a kwali sau da yawa ta haɗa da wurin da ba ka iya sa komai, a nemi ƙaramar lambar da ke nuna ainihin abin da yake ɗauka. Mu babbar tukunyar miyar gidan muka auna da igiya muka tafi da igiyar, muka kuma auna ƙofar ɗaki da lungun da ake bi a shiga, domin gidajen hayar Legas an san su da ƙuncin hanya. Robar bakin ƙofa kuma a gwada ta da takardar kuɗi, a maƙale a rufe, in ta zare ba tare da ta riƙe ba sanyi zai riƙa fita ta nan.

A ƙarshe firji muka saya, mai ƙofa biyu, na gargajiya mai tara ƙanƙara, mai harafin T, kuma muka zaɓi wanda ɗakinsa na sama ya fi girma a cikin waɗanda kuɗinmu ya kai. Uwargida ce da kanta ta nuna shi. Mun san abin da hakan ya ci mata. Ɗakin saman nan ba ya ɗaukar ko kashi ɗaya cikin uku na abin da firiza za ta ɗauka, sayar da ƙanƙara ya tsaya gaba ɗaya, zoɓo da kunun aya kuma sai ta sayo ƙanƙarar bulo ta zuba a kula, ribar ta ragu sosai. Wasu masu sayenta na azumi sun koma wani gidan, kuma ba lallai su dawo ba. Ba ta taɓa ɗaga maganar a gaban Hajiya ba.

A tsaye aka ɗauko shi a bayan a-kori-kura, an ɗaure da igiya. Direban ya so a kwantar don ya fi masa sauƙi, muka ƙi, saboda man kwamfiresa yana gangarawa cikin bututu in an kwantar. Da aka sauke muka bar shi har washegari kafin a jona, yara suna ta zagaye shi kamar an kawo amarya. An bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango ta baya da gefe, domin na yanzu ta jikin gefensu suke fitar da zafi, in ka taɓa ka ji ɗumi ba lalacewa ba ce. Maganin Hajiya yana cikin wata 'yar roba mai murfi a shantar tsakiya, nesa da bangon baya inda yakan yi raɓar ƙanƙara, ba kuma a jikin ƙofa ba inda ake buɗewa kowane minti. Mun jera gorunan ruwa a sama su daskare, in an ɗauke wuta sai a sauko da biyu ƙasa a rufe, a kuma hana yara buɗewa.

Akwai wani abu da ya kamata masu zama gidan haya su sani tun kafin su sayo. In mita ɗaya kuke amfani da ita da maƙwabta, ana raba kuɗin wuta ne bisa kayan da kowa ke da shi, kuma a gidaje da yawa firiza ta fi firji maki. Mu tun kafin kaya ya iso muka sami mai kula da gidan muka gaya masa girmansa, aka daidaita abin da za mu riƙa biya a gaban kowa. Baƙo a garin mutane ba ya son a fara ƙunƙuni a kansa saboda kuɗin wuta, balle a ce Hausawan nan ne ke shanye yunit.

Tsohon kuma 'yan gwangwan suka saye, 'yan uwanmu ne ma, suka cire kwamfiresa da jan ƙarfen suka auna. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma uwargida ta karɓe shi ta zuba a matsayin zubin farko na wani sabon adashi da ta shiga da matan layinmu. Kwasarta za ta faɗo wata biyu kafin azumi mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ta riga ta auna lungun da ke bayan ƙofar kicin da igiyar nan tamu, ta ce mai lita 200 za ta shiga in aka matsar da buhun gawayi.